Lalle a Jikin Koyil na Uku

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a garejin Sahabi makanike a Jega, cikin leshin biki, hannuwana ja wur da lalle, ina roƙon Allah ƙasa ta tsage in shige. Uwar mijina tana zaune a bayan mota. Wan mijina yana tsaye da waya a hannu. Ni kuma, mace mai 'ya'ya uku, malamar asibitin da mata suke rusuna wa tun daga Karaye har Sarandosa, na rasa inda zan sa fuskata. Bari in faro muku tun daga tushe, kada ku yanke mini hukunci ban gama ba (ko da yake na san za ku yanke).

Maigidana, Baban Asma'u, ɗan Aliero ne, kuma kamar sauran mazan gidansu albasa ce sana'arsa. 'Yan'uwansa ne ke nomawa su loda, shi kuma yana can kurmi, kudancin ƙasar nan, yana tarbar motoci yana sayarwa. In ya tafi sai ya yi wata huɗu, wata biyar, ban sa shi a ido ba. Wannan bai taɓa haɗa mu faɗa ba, a haka na aure shi. Abin da ke ci mini rai waya ce. Bawan Allahn nan ba ya magana. Ba fushi ba ne, ba wulaƙanci ba, haka Allah ya yi shi. In ya kira sai ya ce, "Kun wuni lahiya? Ɗiya lahiya? To madalla, a gaishe su." Shi ke nan, an gama. Sau da yawa kafin in goge hannuna daga wanke-wanke in sami wuri in zauna, har ya kashe.

Ni kuwa kewarsa nake yi, kewa ba 'yar kaɗan ba. Sai in auna garin tuwon mutum biyar, sai na zo kwashewa in tuna mu huɗu ne. Rigarsa ɗaya da ya bari a rataye na ƙi wanke ta har ƙurar Jega ta canza mata launi. Amma a gidan da na tashi ba a koya mana faɗin irin wannan magana ba. Shekara goma sha ɗaya da aure ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in buɗe baki in ce masa ina kewarka.

Da zai yi tafiyar da nake ba ku labari, sai ya bar mini motarsa, wata 'yar tsohuwa ruwan toka, don in huta da hawan kabu-kabu daga Jega zuwa ƙaramin asibitin da nake aiki a wajen Karaye. Kafin ya shiga harkar albasa direba ne, ya san mota ciki da waje. Wata rana ina dawowa daga aiki, na wuce Maiyama kaɗan, sai motar ta fara kakkarwa. Sitiyari yana rawa a hannuna, in na taka totur sai ta riƙa shiɗewa kamar mai tarin asma. Sai ga wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a gabana, tana ƙiftawa. Na gangara gefen titi na kira maigidana.

Jama'a, a ranar na san mijina yana da baki.

"Kada ki kashe ta," in ji shi. "Buɗe bonet. Kara waya ga inji in ji kukanta." Na kara. Ya saurara ya ce, "Misin taka yi." Ya yi mini bayani dalla-dalla cewa injin yana da tukwane huɗu, ɗaya a ciki ya daina cin wuta, shi ya sa take ɗingishi. "Kin ga wasu baƙaƙen abubuwa huɗu jere bisa inji, kowane da soket nai? Su na koyil. Ki riƙa zare soket ɗaya-ɗaya kina maidawa. Wanda kinka zare kukan bai sake ba, shi na matacce." Na zare na farko, motar ta ƙara rikicewa, na mayar. Na biyu ma haka. Da na zare na uku ko gezau ba ta yi ba. Ya ce, "Yawwa! Ashe ke ma makanike ta!" Ya yi dariya. Na manta rabon da in ji wannan dariyar.

Daga nan zance ya yi daɗi. Ya ba ni labarin wata tsohuwar mota da ta taɓa yi masa haka da lodin gero a damina, ya ba ni labarin ubangidansa na tuƙi. Can sai ya ce, "Hala rana kike tsaye? Koma inuwa, kada ta buge ki." Na koma gindin wani dogonyaro na zauna, hawaye suka cika mini ido, manyan motoci suna wucewa suna watsa mini ƙura ban ma sani ba. Minti arba'in da bakwai muka yi (na duba, kuma don rashin aikin yi har hoton fuskar wayar na ɗauka na ajiye).

Ya tura ni wajen Sahabi, tsohon abokinsa tun zamanin tuƙi, dattijo mai furfura a gemu da gareji a bayan tasha. Sahabi ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, ta nuna masa tukunya ta uku, ya canza koyil da fulogi, ya goge wutar. Mota ta koma lafiya lau. Waya ma ta koma yadda take: "Kun wuni lahiya? Ɗiya lahiya?"

Sati biyu na daure. Ba zan ce Shaiɗan ne ya zuga ni ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba, da hankalina na yi. Wata Laraba da la'asar, bayan na taso aiki na ci abinci, na tura yara islamiyya, na buɗe bonet a tsakar gida. Na kama soket ɗin koyil na uku na janye shi kaɗan, yadda in ba ka lura ba za ka ce yana nan daram. Na tayar da mota. Ta hau kakkarwa, wutar nan ta kama. Wallahi sai na ji kamar in rungume ta. Na gyara murya irin ta wadda hankalinta ya tashi, na kira kurmi.

Rabin awa da 'yan mintoci muka yi a ranar. Da muka gama na danna soket ɗin ya koma, motar ta daidaita. Amma ita wannan wutar in ta kama ba ta mutuwa nan take, sai na kai wa Sahabi ya goge. Kwamfuta ta ce masa tukunya ta uku. Ya duba koyil lafiya, fulogi lafiya. Ya musanya na uku da na ɗaya, ya ce in je in gani. Bayan sati uku na sake. Ya wanke nozul mai fesa fetur. Na sake. Ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ya kwanta ƙarƙashin mota cikin rana, ya fito yana sosa ƙeya.

"Malama, motagga ta ɗaure min kai. Shekara talatin ina aikin ga, ban taɓa ganin ciwon da ka gudu in ya ga makanike ba."

Na ce, "Allah dai ya sawwaƙe, Malam Sahabi," da fuskar tausayi. Ni da nake yi wa mata faɗa a asibiti in sun ɓoye mini gaskiyar ciwo! Zuciyata tana suka ta, ba na musu. Amma in Laraba ta zagayo, gidan ya yi tsit, sai in ga ƙafata ta kai ni gaban mota. Sau huɗu na yi cikin wata uku.

Ana nan sai bikin 'yar wan mijina ya taso, wanda muke kira Yaya Alhaji. Daga Aliero za a kai amarya Maiyama. Baban Asma'u ya ce ba zai samu zuwa ba, motocin albasa suna hanya. Daga wannan maganar kuma ya yi kwana tara bai kira ba. Ana gobe kai amarya muna babban gida a Aliero, an zauna ƙunshi, an ɗaure mini hannuwa cikin leda. Mata ana ta shewa, sai wata abokiyar wasan maigidana ta ɗaga murya ta ce, "Ke Malama, wa za ki nuna ma lallen ga? Ko hoto za a aika kurmi?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji ta ƙi wucewa.

Na zame kamar zan zagaya, na bi ta bayan rudun da suke ajiye albasa, inda na faka mota. Na kwance ledar hannun dama, lalle ɗanye shakaf a yatsuna. Da yatsu biyu na yi komai, har na janye soket. Na tayar da mota wutar ta kama, na kira shi. Bai ɗauka ba. Na sake kira, bai ɗauka ba. Ina tsaye ina cizon leɓe sai na ji ana ƙwala mini kira daga cikin gida, wai in zo amarya tana kuka. Na kashe mota na rufe bonet da gwiwar hannu, na ce anjima in dawo in mayar. Wanda ya san gidan biki ya san babu wani anjima.

Da safe an gama shiri, sai Yaya Alhaji ya miƙo hannu ya ce, "Kawo mabuɗi, ni ka jan ku. Ki zauna baya ke da Inna." Inna ita ce mahaifiyarsu, tsohuwa mai kawaici, wadda har yau ban iya haɗa ido da ita. Yana murɗa mabuɗi motar ta hau kakkarwa, wuta tana ƙiftawa. A nan na tuna. Ban mayar da soket ɗin nan ba. To ta yaya zan ce wa wan mijina ya dakata in buɗe bonet, a gaban uwarsa da 'yan rakiyar amarya?

"Wagga ita ta motar da aka kai ma Sahabi kullum?" in ji shi. Ashe labarin ya kai masa. Na ce ita ce, cikin wata 'yar siririyar murya. Tun daga Aliero har Jega muna tafe tana shiɗewa, warin ɗanyen fetur ya cika mu, motocin amarya duk suka wuce mu. Yaya Alhaji yana ta huci. Mutum ne mai kirki, amma yana da murya, kuma in ya yi magana direbobin albasa na Aliero suna ji. Muna shiga Jega, maimakon ya miƙe hanyar Maiyama sai ya karya kan mota zuwa bayan tasha.

Ranar kasuwa ce, wurin cike da mutane. Ko sallamar kirki bai yi ba ya fara. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya ce Sahabi yana sa wa matar ƙaninsa kayan jabu don ya ga mace ce, mijinta ba ya gari. Sannan ya ciro waya ya kira Baban Asma'u, ya sa a sifika, ya ce, "Saurara ka ji da kunnenka abin da abokinka shika yi ma iyalinka." (Bugu ɗaya ya ɗauka, ku ji fa. Ni jiya kira biyu bai ɗauka ba.)

Sahabi ya nufi motar. Ya buɗe bonet, ni kuma na fito na tsaya gefe. Ya sunkuya, sai ya tsaya cak. Soket ɗin ruwan toka ne, ga lalle nan ya bushe a jikinsa, baƙi-baƙi kore-kore, har da shatin babban yatsa. Ya kankare kaɗan da farce, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago a hankali ya dubi hannuna. Yatsu takwas sun kama ja wur, biyu na dama sun yi dabbare-dabbare. Na tura hannun cikin mayafi, amma ya riga ya gani. Ya mayar da kansa ƙasa, ya goge lallen da tafin hannunsa, ya danna soket ɗin. Nan take inji ya kwanta luf.

"Alhaji, a yi haƙuri," ya ce. "Soket na ban danna da kyau ba. Laihina na."

Wai! Sai ka ce ya zuba fetur a wuta, Yaya Alhaji ya ƙara harzuƙa. "Har sau nawa? Ashe da gangan kaka barin shi sako-sako don a riƙa dawo maka! Yau sai mun tai gaban shugabanku na makanikai. Kuma in dai ina da baki a Aliero, babu motar albasar da za ta sake shigowa garejin ga." Masu Keke Napep sun tsaya, mai faci ya bar tayarsa ya matso, wani mahauci da tire a ka ya ja birki. Dattijon nan yana tsaye a gaban garejin da ya yi shekara talatin yana gina sunansa, kansa a ƙasa, abin da kawai yake cewa shi ne, "Na ji, Alhaji."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi niyyar yin shiru. Ya riga ya rufa mini asiri, ya share shaida, ba wanda zai taɓa sani. Sai na dubi furfurar gemunsa, na kasa.

"Yaya," na ce. Bai ji ba. Na ƙara murya. "Yaya, ni ta."

"Ke ta mi?"

"Ni ka zare shi. Ba laihin Malam Sahabi ba na. Duk ni na yi, da na jiya biyar."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke? Don mi? Gajiya kinka yi da ita, sabuwa kika so a saya miki?"

Kun ga ƙofa ya buɗe mini. Da na ce e, da an ce matar Baban Asma'u mai kwaɗayi ce, a yi kwana biyu ana yi da ni a manta. A wajenmu ai wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na buɗe baki da niyyar cewa e. Abin da ya fito shi ne:

"In ta lalace yana daɗewa bisa waya."

Sai mai faci ya ce, "Allahu akbar!" da ƙarfi, wani a baya ya fashe da dariya ya toshe baki. Na saci kallon mota. Inna ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta suna motsi, har yau ban san ko dariya take ko kuka ba, kuma ba zan taɓa tambaya ba. Yaya Alhaji ya dubi wayar da ke hannunsa, wadda ke a buɗe tun ɗazu, ba a ce uffan daga can ba. Da sauri ya kashe ta ya jefa aljihu. Kunyar da ta kama shi ta kusa kai tawa, don wannan ba maganar da wan miji ya kamata ya ji ba ce. Ya kama hannun Sahabi da hannu biyu yana ba shi haƙuri a gaban kowa, ya maimaita ya fi sau uku.

Daga Jega har Maiyama ba wanda ya yi tari a motar nan. Ita kuwa tafiya take sumul, kamar da gayya. Sai da muka hango gari Inna ta taɓa gwiwata ta ce, "Gyara ɗaurin kallabinki, ɗiyata, mun iso." Labari kuwa ya riga mu isa, ban san ta wace hanya ba. Duk matar da ta gaishe ni a gidan bikin sai ta ƙara da, "Malama, ya jikin mota?"

Washegari na koma wajen Sahabi na durƙusa na roƙi gafara. Ya yi murmushi ya ce shi dai ya gode Allah da kwamfutarsa ba ta yi masa ƙarya ba, don har ya fara tunanin sayar da ita.

Baban Asma'u bai kira ba sai bayan kwana biyu, da rana, ina asibiti. Na bar wayar ta yi ta ƙara har ta kusa tsinkewa sannan na ɗauka. Muka gaisa. Ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, 'yan dako suna ihu.

Can ya ce, "Na kira Sahabi na ba shi haƙuri. Rabin laihin nau na."

Na ce, "Naka kamar ƙaƙa?"

"Tun karo na biyu na gane. Wace irin lalacewa ta wadda ba ta zuwa sai Laraba da la'asar, in kin taso aiki kin ci abinci?"

Kunya ta sake rufe ni sabuwa fil. Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗi?"

Na ji ya matsa nesa da hayaniyar kasuwar. Sannan ya ce, ƙasa-ƙasa, "In na hwaɗi sai ki bari."

Na shige ɗakin ajiye magani na rufe ƙofa, na yi kukana ya ishe ni, mata masu awo suna jira na a benci.

Darasin da na koya ba mai wuya ba ne, kuma kyauta nake ba kowa: in kewar mutum ta kama ki, ki buɗe baki ki gaya masa, ki ƙyale injin mutane da mutuncin dattijon da bai ci miki ba bai sha miki ba. Na gaya wa ƙannena, na gaya wa abokan aikina, har amarya na kira gefe na gaya mata.

Ni ce dai har yau ban faɗa ba. Bai dawo ba tukuna, ya ce sai albasar bana ta ƙare. Ranar Juma'ar da ta wuce na ƙudura a raina yau sai na faɗa, har na gwada a gaban madubi. Ya kira, muka gaisa, na ja numfashi na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Tayar baya kamar tana sacewa."

Ya ce, "Ta hagu ko ta dama? Dakata in sami wuri in zauna, ki gaya min a tsanake."